Wa ya fi iya riƙe lamba ɗaya a tarihin NBA, kuma da wane ma'auni?

Ɗan Tudun Wada, Gusau:

Assalamu alaikum. Masana ƙwallon kwando, ina neman a raba mana gardama. Tun da Oklahoma City ta ɗauki kofin gasar NBA ta Amurka na 2025, Shai Gilgeous-Alexander ya haɗa gwarzon shekara da gwarzon fainal a kaka ɗaya, samari a gidajen kallo nan Gusau suka fara ajiye shi layi ɗaya da Stephen Curry. Manya kuwa sun ce ba a ma fara magana ba sai an ambaci Magic Johnson. Akwai kuma masu riƙe da John Stockton saboda asis (fasin da ya kai aboki ga cin maki) 15,806 da ya bari.

Tambayata biyu ce. Da me ake auna mai riƙe lamba ɗaya, wato foyin gad? Kofi ne, ko asis, ko maki? Sannan in za a jera biyar na farko a tarihi, su wane ne, kuma don me? Don Allah a zo da hujja, a bar son rai a gida.

Koci, Gwadangaji:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayarka ta farko ita ce uwa. In an warware ta, ta biyu ba ta da wuya sosai.

Lamba ɗaya madugu ne, uban tafiya. A NBA ta yanzu ƙungiya na samun hari kusan ɗari a wasa guda na minti 48. Kowane hari daƙiƙa 24 gare shi, kuma cikin takwas na farko dole ƙwallo ta tsallake tsakiyar fili. Aikin madugu shi ne kowane ɗaya daga cikin harin nan ya ƙare da jifa mai kyau: ko dai ƙarƙashin zobe, ko jifan maki uku babu hannu a fuskar mai jifa, ko a jawo fawul a tafi layin jifan kyauta. Shi ya jefa ko wani ya jefa, ba nan gizo ke saƙa ba. Abin dubawa shi ne irin jifan da ƙungiya ke samu in yana fili, da yawan ƙwallon da yake zubarwa, da kuma ko dabararsa na ci gaba da aiki a filof, wato wasannin neman kofi na ƙarshen kaka, inda abokin karawa ke da wasa har bakwai ya karance shi ciki da waje.

Da wannan ma'auni, Magic Johnson ne na ɗaya a wurina. Ba don kofi biyar kawai ba (1980, 1982, 1985, 1987, 1988), ko da yake zuwa fainal sau tara ba wasa ba ne. Dalilin shi ne tsayi. Mita 2.06 gare shi, alhali yawancin masu riƙe lamba ɗaya ba su wuce 1.90 ba. Wannan ya ba shi abu biyu da gajere ba ya samu. Na farko, yana hango fili ta saman kan mai tsaronsa, don haka ko an yi masa rufdugu da mutum biyu, bai rasa ganin wanda aka bari fayau ba. Na biyu, shi da kansa yake tsinto ƙwallon da ta dawo daga allo, yana da ribawun sama da bakwai a kowane wasa, sai ya juya da gudu nan take. Ba a jira dogo ya kama, ya nemi gad, ya miƙa masa. Daƙiƙa ɗaya ko biyun da aka rage a nan ita ke sa Lakers su iso uku a kan biyu, James Worthy na gefe ɗaya, Byron Scott na ɗayan. Asis 11.2 a kowane wasa tsawon rayuwarsa ta wasa daga nan ya fito, kuma a filof ƙaruwa ya yi zuwa 12.3, bai ragu ba. Wannan shi ne abin da na fi ba nauyi.

A duba wasa na shida na fainal ɗin 1980 a Philadelphia. Dogon Lakers, Kareem Abdul-Jabbar, ya ji ciwo a idon sawu, bai zo ba. Magic yana shekara 20, kakarsa ta farko, ya fara wasan a gurbin dogo, ya tashi da maki 42, ribawun 15, asis 7. A 1984 kuma Boston ta tona masa asiri: ya yi ta buga ƙwallo har lokaci ya ƙare a wasa na biyu, ya zubar da fasi ya kuma ɓarar da jifan kyauta a wasa na huɗu. Sai ya koma ya gyara wasansa na tsaye, ya koyi juya wa mai tsaro baya, ya koyi jifan ƙugiya, kuma da ita ya ci Boston a gidansu a wasa na huɗu na 1987. Madugun da ba ya iya tafiyar da hari in an hana shi gudu rabin madugu ne, shi kuwa ya cike wannan giɓin.

Curry na biyu. Oscar Robertson na uku. Isiah Thomas na huɗu. Na biyar kuwa tsakanin Stockton da Chris Paul ne, kuma na fi karkata ga Stockton saboda lafiyar jiki: kaka 19 a Utah, wasa 22 kacal ya rasa.

Shai ya yi kaka mai girma a 2024-25, maki 32.7 a wasa da nasara 68. Amma kaka ɗaya ba ta sayen kujera a cikin waɗannan. A ba shi shekara biyar tukuna.

Mai Lissafi, Ƙaura Namoda:

Malam Koci ya kafa ma'auni mai kyau, sai dai alƙaluman da ake jifan juna da su a gidan kallo na buƙatar wanki kafin a yi hukunci da su.

A fara da Oscar. A kakar 1961-62 ya yi maki 30.8, ribawun 12.5, asis 11.4. Gaskiya ne. To amma a wancan zamani ana kai hari sama da 120 a wasa, shi kuma yana buga sama da minti 44. In ka ɗauki hari 125 ka mayar da shi 100, sai ka ninka kowace lamba da 0.8: maki ya dawo kusan 25, asis kusan 9, ribawun 10. Har yanzu babban ɗan wasa ne, amma ba dodon da lambar farko ke nunawa ba. Ta ɗaya gefen kuma a yi masa adalci: babu layin maki uku a lokacinsa, sai kakar 1979-80 aka shigo da shi, don haka fili a cunkushe yake, dogaye na tsaye ƙarƙashin zobe. NBA ba ta fara ƙirga ƙwacen ƙwallo ba sai 1973-74, zubar da ƙwallo na ɗan wasa kuma sai 1977-78. Ke nan rabin abin da muke auna na yanzu da shi babu shi a takardar Oscar. Stockton kuwa akasin haka ya same shi a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da hari ya sauko kusan 90.

Lissafi biyu ya kamata kowa ya iya da wayarsa. Na farko, raba asis da ƙwallon da aka zubar. Magic na ba da 11.2 yana zubar da 3.9, kusan uku da ɗaya ke nan. Stockton 10.5 da 2.8, ya haura uku da rabi. Chris Paul kusan huɗu da ɗaya ne tsawon shekara ashirin. Me ya sa wannan ke da nauyi? Jifan da bai shiga ba yana iya dawowa hannunku daga allo, kuma kun samu lokacin komawa tsaro. Ƙwallon da aka fizge a tsakiyar fili kuwa maki biyu ne kusan kyauta ga abokan karawa, ga naku harin ya mutu. Asara biyu a lokaci ɗaya.

Na biyu, ingancin jifa na gaskiya. Ka ɗauki yawan jifa, ka ƙara masa jifan kyauta da aka ninka da 0.44, ka ninka jimlar da biyu, ka raba maki da abin da ya fito. Misali, wani ya ci maki 30 da jifa 25 da jifan kyauta 6: 25 da 2.64 sun zama 27.64, sau biyu 55.28, sakamako kashi 54 cikin ɗari. Wani ya ci 24 da jifa 15 da jifan kyauta 5: sakamako kusan kashi 70. Gidan kallo zai yi wa mai 30 tafi, amma mai 24 ya bar wa abokansa hari goma da za su ci nasu makin.

A nan Russell Westbrook ke faɗuwa daga biyar na farko. A 2016-17 ya maimaita abin da Oscar ya yi na haura goma a fanni uku, maki 31.6, ribawun 10.7, asis 10.4, ya ɗauki gwarzon shekara. Amma yana zubar da ƙwallo 5.4 a wasa, ingancin jifansa kuma kashi 55 ne. Curry a 2015-16 maki 30.1 ya yi da kusan kashi 67.

Inda na saɓa da Koci shi ne Isiah a sama da Stockton da Paul. Kofi aikin mutum goma sha biyu ne. Stockton ya je fainal a 1997 da 1998, ya tarar da Michael Jordan duka biyun. Paul yana Houston a 2018 suna gaba da Golden State uku da biyu, jijiyar bayan cinyarsa ta tsinke masa hanzari a ƙarshen wasa na biyar, bai buga sauran biyun ba, kuma a na bakwai Houston ta ɓarar da jifan maki uku 27 a jere. Wannan ba rashin iya madugu ba ne. Stockton, mutumin da ya jagoranci NBA a asis kaka tara a jere, ya yi 14.5 a 1989-90, ya kuma fi kowa ƙwacen ƙwallo a tarihi da 3,265, ni na uku nake sa shi.

Ɗan Yawuri:

Yallaɓai Koci, da girmamawa, ma'aunin da ka kafa da bakinka Curry yake ba na ɗaya. Ka ce abin dubawa shi ne irin jifan da ƙungiya ke samu in mutum yana fili. To mu bi shi.

Layin maki uku na NBA mita 7.24 ne daga sama, 6.70 a kusurwa. Kafin Curry, dogon da ke tsaron mai kafa shinge (wanda ke tsayawa ya tare wa mai ƙwallo mai tsaronsa) yakan ja baya ya tsaya kusa da layin jifan kyauta, ya bar gad ya jefa daga nesa in yana so, domin lissafi na gefen mai tsaro. A 2015-16 Curry ya jefa maki uku 402 da kashi 45.4. Ninka 0.454 da uku, maki 1.36 ke nan a kowane jifa. Kafin mai jifan maki biyu ya kamo haka sai ya ci kashi 68, abin da sai dogayen da ke zura ƙwallo daga bakin zobe ke kusanta. Daga nan ja da baya ya zama kashe kai. Dole dogo ya fito har mita takwas ko tara daga zobe su rufe shi su biyu.

Ga abin da ke biyo baya, kuma shi ne alƙaluman Mai Lissafi ba sa kamawa. Mutum biyu na kan Curry, sai ya sauke ƙwallo ga Draymond Green a tsakiya. Yanzu Golden State huɗu ne a kan uku. Draymond ya tako sau ɗaya, in dogon baya ya fito masa ya ɗaga wa na ƙarƙashin zobe, in na kusurwa ya shigo taimako ya wurga wa Klay Thompson. A takarda Draymond ne da asis. Curry ba a rubuta masa komai ba, alhali shi ya haifi harin. Shi ya sa asis ɗinsa bai kai bakwai a wasa ba, kuma shi ya sa wannan lambar ba ta rage masa komai. Ko ƙwallo ba ta hannunsa, yana gudu ta bayan shinge biyu, sai ka ga masu tsaro biyu sun bi shi sun bar wani yana zurawa ba kowa. Magic sai da ƙwallo a hannu yake cutarwa. In ya miƙa ta, mai tsaronsa na iya ja baya ya taimaka, musamman a shekarunsa na farko da jifan nesa bai zauna masa ba.

A fainal ɗin 2019, lokacin da Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ke jagorantar Toronto, kocinsu Nick Nurse ya sa mutum huɗu su tsaya akwati, ɗaya ya manne wa Curry duk inda ya je. Tsarin makarantar sakandare ke nan, aka fito da shi a fainal saboda mutum ɗaya. Masu cewa Kevin Durant ne ya ɗauke shi a 2017 da 2018 su koma wasa na huɗu na 2022 a Boston: Golden State na baya biyu da ɗaya, babu Durant, ya ci 43 da ribawun 10. Kofi huɗu, gwarzon shekara biyu, na 2016 babu ƙuri'a ko ɗaya da ta tafi wani wuri, kuma shi ne na farko da ya haura jifan maki uku 4,000.

Koci, Gwadangaji:

Ɗan'uwa, hujjarka ta zauna, kuma batun huɗu a kan uku gaskiya ne tsantsa. Abin da ya hana ni sauya jeri abu biyu ne. Curry na zubar da ƙwallo a lokacin da bai kamata ba. Fasin bayan baya da ya fita waje a kwata ta huɗu ta wasa na bakwai a 2016 misali ne, a kakar da suka ci 73 suka kuma bar Cleveland ta dawo daga uku da ɗaya. Sannan tsarin kocin Golden State, Steve Kerr, na buƙatar mai raba ƙwallo na biyu irin Draymond kafin ya tashi. Magic shi ne tsarin da kansa. Kuma a tuna, daga kakar 2004-05 aka tsananta hana mai tsaro ɗora hannu a ƙugun mai ƙwallo. Isiah da Stockton da hannu a jikinsu suka yi wasa. Zamani riga ne, kowa da irin tasa. Amma wanda ya sa Curry na ɗaya ban ce ya yi kuskure ba. Tazarar ba ta kai taku ɗaya ba.

'Yar Argungu:

Malamai, an yi ta maganar hari, rabin wasa kuwa tsaro ne, kuma a filof nan ake farautar lamba ɗaya.

Yadda ake yi ba ɓoyayye ba ne. Ana kiran wanda gad mai rauni ke tsaro ya zo ya kafa shinge, a tilasta musanya, sai gad ɗin ya tsinci kansa gaban babban ɗan wasansu shi kaɗai. In an maimaita haka sau goma sha biyar a wasa, ko dai ya tara fawul, ko ƙafafunsa su mutu kafin kwata ta huɗu, jifansa ya fara gajarta yana dukan gaban zobe. Cleveland ta yi wa Curry haka da LeBron James. Boston ta yi wa Luka Doncic haka a fainal ɗin 2024, har ya cika fawul shida ya fita a wasa na uku, kuma a kakar da ya fi kowa maki da 33.9. Steve Nash ma nan ya tsaya. Ya zo Phoenix a 2004 ta tashi daga nasara 29 zuwa 62, ya ɗauki gwarzon shekara a 2005 da 2006, hannunsa a jifa ba a magana, amma bai taɓa taka fainal yana ɗan wasa ba. Magic kansa ba shi ke tsaron gajerun masu sauri ba, Byron Scott da Michael Cooper ke ɗauke masa wannan, shi ya koma kan wanda ba ya jifa sosai. Tsayinsa ne ya sa ba a iya farautarsa.

In an sa tsaro a ma'auni, mutum uku na hawa. Gary Payton, wanda ya ɗauki gwarzon mai tsaro a 1996. Jason Kidd, da ya zo New Jersey a 2001 ta tashi daga nasara 26 zuwa 52 ta je fainal sau biyu a jere, ya kuma ɗauki kofi da Dallas a 2011 yana shekara 38, yana tsaron waɗanda suka fi shi tsayi. Sai Chris Paul, wanda bai wuce mita 1.83 ba amma ba a iya ture shi.

Game da Isiah, ina tare da Koci, ba da Malam Mai Lissafi ba. Ingancin jifansa bai kai na Stockton ba, wannan haka yake. Amma akwai lokacin da tsari ke mutuwa, saura daƙiƙa shida, kowa an rufe shi, sai madugu ya ƙirƙiro jifa da kansa. Stockton na buƙatar shingen abokin wasansa Karl Malone. Isiah ba ya buƙatar kowa. A wasa na shida na fainal ɗin 1988 ya ci maki 25 a kwata ta uku kaɗai, yana ɗingishi da targaɗe a idon sawu. Detroit ta bi ta kan Boston ta Larry Bird, da Chicago ta Jordan, da Lakers ta Magic, ta ɗauki kofi a 1989 da 1990, kuma babban ɗan wasanta gajere ne mai mita 1.85. Kafin Curry, da wuya ka ƙirga wani mai irin wannan jiki da ya ja ƙungiya zuwa kofi biyu.

Shai yana da abin da Luka bai nuna ba tukuna: ba ya zubar da ƙwallo da yawa, kuma ba a farautarsa. Shi ya sa samarin Gusau ba su yi wauta ba, sun dai yi gaggawa. Wanda kuma ke son ganin aikin madugu a rigar Najeriya ya nemo wasannin D'Tigress, ƙungiyar matan Najeriya, na Olamfik ɗin Paris 2024, ya kalli Ezinne Kalu a wasan Ostireliya da na Kanada, lokacin da suka zama ƙungiyar Afirka ta farko da ta kai kwata fainal.

Ɗan Tudun Wada, Gusau:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura abu ɗaya, Malam Koci. Yawancinmu guntayen bidiyo muke gani a waya da safe, don wasannin tsakar dare ake buga su. In mutum ya samu cikakken wasa, me zai sa wa ido don ya yi nasa hukuncin? Kuma yaranmu masu tasowa, wa ya kamata su kwaikwaya?

Koci, Gwadangaji:

Guntun bidiyo jifan da ya shiga kawai yake nunawa, don haka ba a auna madugu da shi. Wasan gabashin Amurka da ake farawa bakwai da rabi na yamma, ƙarfe ɗaya da rabi na dare ne a nan lokacin sanyi, na yamma kuwa har asuba ake yi. Ba sai ka hana idonka barci ba. Ka sauke kwata ɗaya cikakkiya, ta huɗu ta fi, ka ɗauki takarda da biro.

Duk lokacin da aka kafa wa lamba ɗaya shinge, kada ka kalli ƙwallo, ka kalli dogon da ke tsaron mai shingen. In ya ja baya, amsar ita ce jifa daga tsakiya, wajen gwiwar layin jifan kyauta, inda Paul da Shai ke cin abincinsu. In ya fito suka rufe shi su biyu, ƙwallo ta bar hannunsa kafin bugu na biyu, in ya riƙe ta ya wuce haka an kama shi a gefen layi. In sun yi musanya, ya ja dogon waje ya wuce shi da sauri, ko ya ba nasa dogon da gajere ke tsaro yanzu. In mai tsaronsa ya bi ta ƙarƙashin shinge, an raina hannunsa ne, dole ya jefa. Daga nan ka ɗaga ido zuwa kusurwar nesa. Mai tsaron can shi ke shigowa ya tare dogon da ya juya zuwa zobe, kuma madugun ƙwarai shi yake karantawa tun kafin ya motsa. Ka sa alama ɗaya in ya zaɓi daidai ko da ƙwallo ba ta shiga ba, ka sa wata in ya zaɓi kuskure ko da ta shiga. Bayan hari ashirin za ka ga bambancin da alƙaluma ba su faɗa maka ba.

Batun yara kuwa, kada su fara da Curry. Filayenmu na siminti ne a waje, iskar hunturu na kaɗa ƙwallo, ƙura na sa ta santsi, zoben ma sau da yawa ya karkace. Yaro ɗan shekara goma sha biyu da ke wurga babbar ƙwallo lamba 7 daga mita 6.75 da ƙirji yake turawa, gwiwar hannu ta buɗe waje, kuma gyara wannan daga baya ya fi koyarwa daga farko wuya. A ba shi lamba 5 ko 6, ya tsaya mita biyu daga zobe, sai ya ci takwas cikin goma sannan ya ja baya taku ɗaya.

Stockton da Paul ne abin koyi a nan. Ya jira shinge ya kafu tukuna, don in ya taho da wuri mai shingen na motsi, alƙali zai busa fawul a kan abokinsa. Ya wuce kafaɗa da kafaɗa da mai shingen, kada ya bar ratar da mai tsaro zai kutsa. Fasin ƙasa ya sauka kashi biyu cikin uku na tazarar da ke tsakaninsa da mai karɓa, ya taso masa daidai ƙugu. A siminti mai ƙura a ƙara masa ƙarfi, don ƙwallo na zamewa maimakon ta tashi. Hannun hagu kuma minti goma kowace rana, kai a sama, koci na ɗaga yatsu yaro na faɗin adadinsu yana bugawa. A wasan atisaye a riƙa rubuta masa asis da zubarwa, kuma kada a ba shi ragamar ƙungiya a gasa sai ya riƙe biyu da ɗaya wasa biyar a jere.